Tsoron Faɗuwar Gaba Shi Ke Ɗaure Mai Shan Sigari

Ya ku samarin Mandera da Bodinga da Shagari, da yawanku kan ce: "Malam, in na bar sigari sai gabana ya riƙa faɗuwa, kamar zan mutu." To ɗan'uwa, tsoron wannan faɗuwar gaba shi ya ɗaure ka.

Ga yadda abin yake. Sinadarin nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Da ya ragu a jini sai ƙunci ya taso, ka kunna wani kara, ka ce ka sami sauƙi. Wane sauƙi? Ai ita sigarin ce ta jawo ƙuncin!

Ku sani, wannan ƙunci ba ya kisa. Ya fi tsanani a kwana 3 na farko, yakan lafa cikin mako 2 zuwa 4. In ƙwaɗayin ya taso, 'yan mintoci ne: yi alwala, ambaci Allah, ƙaurace wa majalisar mashaya. In ya ci tura, je asibiti, neman magani ba raunin imani ba ne.

Kai da kake azumi tun alfijir har magariba ba ka busa ba, me zai gagare ka? Allah ya ba mu ikon bari, amin.