Dabarar Fir'auna a Wajen Muhawara

'Yan uwa, ku koma Suratus Shu'ara ku ga yadda Fir'auna ya yi da Annabi Musa (AS). An zo masa da saƙo daga Ubangijin talikai, sai ya ɓuge da gori: ai mu muka raine ka, kuma ka san aika-aikar da ka yi. Abin lura, renon ya faru, kisan mutumin nan ma ya faru. To amma me ya haɗa su da gaskiyar saƙon? Da hujja ta matse shi, sai ya ce mahaukaci ne. Da wannan ma ta ƙi ci, sai barazanar kurkuku.

Yau fa? Mutum ya kawo dalili a kan mas'ala, sai ka ji: "Rabu da shi, ɗan ƙungiya kaza ne", ko "Biyansa aka yi." Shi ke nan, an yi tafi an watse, dalilin yana nan babu wanda ya taɓa shi. Wallahi har mu masu wa'azi muna faɗawa ciki idan rai ya ɓaci.

Wani zai ce, ai malaman hadisi suna binciken halin mai ruwaya. Haka ne, don labari ya kawo, kuma labari da amanar mai shi yake tsayuwa. Amma wanda ya shimfiɗa maka hujjar da za ka iya aunawa da kanka, ko maƙiyinka ne, sai ka nuna inda ta karye.