Jar Fitila da Koriya

Kwana biyu ɗan yayata ya yi yana fama da wata 'yar kwamfuta, Raspberry Pi 4, wadda faɗinta bai wuce na katin banki ba. Ya jona ta da talabijin, ta tashi, ta ɗan yi aiki, sai ta mutu ta sake farawa. Sau uku yana goge katin memori yana sake zuba manhaja. Ran na uku ya kawo mini ita rai a ɓace: "Kawu, jabu aka sayar mini."

Na ce ya kunna ta, amma kada ya kalli talabijin, ya zuba ido a gefen allon. Kusa da kafar da wuta ke shiga akwai fitilu biyu, kowacce kamar ƙwayar gero, ɗaya ja ɗaya koriya. Aikin jar ɗaya ne tak. Muddin wuta ta wadata, tana nan a kunne ba ta motsi. Da zarar ƙarfin wutar ya faɗi ƙasa da bolt 4.63, sai ta ɗauke. Tasa kuwa sai ƙiftawa take yi. Da muka bi wayar, ashe cajar tsohuwar wayar salula ce ya sa mata, da doguwar waya siririya, alhali wannan samfuri na 2019 bolt 5 da ampiya 3 yake bukata ta kafar USB-C. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tun ranar farko fitilar nan take faɗin inda ciwon yake. Yaron yana da ƙoƙari, ya karanta abubuwa masu wuya, amma idonsa yana kan babban gilashi, ƙaramar alama ba ta kai ya kula ta ba. Haka muke yi da mutane. Yaro ya rage cin abinci, abokin aiki mai surutu ya yi shiru mako guda, ba ma tambaya sai abu ya lalace, sannan mu ce halinsa ne.

Koriyar ta fi jar magana. Wannan kwamfuta, wadda Eben Upton da abokan aikinsa na Kambirij a Ingila suka fitar da samfurinta na farko a 2012 kan dala 35 don yara su koyi ilimin kwamfuta, duk manhajarta a kan katin memori take zaune. Idan tana karanta katin, koriyar takan yi ta walƙiya ba tsari. Idan kuwa ta kasa tashi, sai ta koma ƙirge: ƙiftawa huɗu ta dakata, ba ta ga fayil ɗin farawa ba, bakwai, zuciyar manhajar ce babu. Mai haƙurin ƙirgawa ya huta da canki-canki.

Sai allurai 40 da ke jere layi biyu a baki, inda ake jona fitila ko na'urar auna zafi. A nan na fi ja masa kunne. Ta farko bolt 3.3 take bayarwa, ta biyu da ke maƙwabtaka da ita bolt 5, kuma kamarsu ɗaya. Bolt 5 ya shiga allurar sarrafawa, wadda 3.3 kaɗai take ɗauka, yana iya ƙona ƙwaƙwalwar, kuma wannan karon babu fitilar da za ta yi gargaɗi tukuna.

Muka samo caja mai ƙarfi. Ya buɗe Raspberry Pi Imager, wadda da ita ake zuba manhaja a katin, ya zaɓi manhaja, ya sa suna da kalmar sirri, ya mayar da katin. Jar ta tsaya cak. Da dare ya kai hannu zai zare waya, sai ya fasa, ya kashe ta ta cikin manhaja, ya zauna yana jira har koriyar ta daina motsi, don katin da aka yanke wa wuta yana tsakar rubutu yakan lalace.