Lissafin Likita da Tawakkalin Majinyaci a Tiyatar Dajin Ƙashin Baya

Idan ciwon daji ya bar inda ya fara ya bazu cikin ƙasusuwa, ƙashin baya ne ya fi sauka a kansa, musamman sashen da ke daidai da ƙirji, kuma dajin nono da na huhu da na furostet, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, su suka fi yin wannan ƙaura. A can dajin yakan cinye ƙashin har ya rufta, ko ya girma ya danne laka, igiyar jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, sai ciwon baya ya hana barci, ƙafafu su fara mutuwa, fitsari da bayan gida su riƙa kufcewa. Tiyatar da ake yi a wannan hali ba ta warkar da dajin. Abin da take yi shi ne ta sauke matsi daga kan laka, ta kuma tokare ƙashin da sanduna da kusoshin ƙarfe. Saboda haka tambayar da ke gaban majinyaci Musulmi ta wuce ta asibiti kaɗai: mutumin da likitoci ke kyautata zaton sauran kwanansa watanni ne, wajibi ne ya miƙa bayansa ga wuƙa, ko yana da damar ƙi ba tare da laifi ba?

Amfanin aikin tabbatacce ne ga wasu majinyata. A binciken da Roy Patchell da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet a 2005, an raba majinyata 101 gida biyu, aka yi wa wasu tiyata sannan aka gasa dajin da na'urar haske mai ƙarfi, wasu kuwa aka yi musu gashin kaɗai, sai kashi 84 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata suka iya tafiya bayan magani, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 57. Sai dai zaɓaɓɓun majinyata ne aka shigar, waɗanda dajin ya danne lakarsu a wuri guda, ake kuma sa ran za su rayu aƙalla wata uku.

Haɗarin aikin ma tabbatacce ne, kuma likitoci sukan auna shi da abin da ke faruwa cikin kwana 30 na farko: ƙwayoyin cuta su shiga raunin, ɗinki ya buɗe, jini ya zuba da yawa, nimoniya ta kama huhu, ko jini ya daskare a jijiyar ƙafa gudan ya tafi ya toshe huhu. An kuma san abubuwan da ke ƙara yiwuwar haka. Ƙarancin albumin, furotin ɗin da hanta ke zubawa a jini, alama ce ta jikin da ciwo da rashin ci suka rame shi, kuma irin wannan jiki ba ya haɗe rauni da wuri. Fatar da aka riga aka gasa da haske tana jinkirin warkewa, maganin deksametason da ake bayarwa don rage kumburin laka yana raunana garkuwar jiki, ciwon sukari da tsufa da doguwar kwanciya suna ƙara nasu, haka ma aikin gaggawa da wanda ya ratsa gaɓoɓin baya da yawa. Dajin da ya taso daga ƙoda cike yake da hanyoyin jini, shi ya sa akan toshe su kafin a yi yanka. Abin da ke da nauyi a zuciya shi ne, wanda ciwon ya fi galabaitarwa, wanda ya fi kowa buƙatar sauƙi, sau da yawa shi ne tiyatar ta fi yi wa barazana.

Don auna wannan ne likitan Japan Tokuhashi ya fitar da ma'auni a 1990, ya sabunta shi a 2005, wani likita mai suna Tomita kuma ya kawo nasa a 2001, dukansu suna tara maki daga irin dajin da nisan bazuwarsa don ƙiyasta tsawon rayuwa. A nan ne zukatan masu imani da yawa ke ƙyamar maganar, domin ajali na cikin gaibun da Allah Ya keɓanta da saninsa, sai su ga kamar likita ya yi shisshigi. Ƙyamar tana da tushe mai kyau, amma ta ɗauki ma'aunin a kan abin da ba shi ba ne. Makin ba ya faɗin ranar mutuwar kowa, yana ba da labarin abin da ya saba faruwa ga jama'a masu irin wannan hali, wato abin da malaman usulu ke kira zato mai rinjaye, kuma a kan irinsa shari'a ta gina hukunce-hukunce masu yawa, kamar barin azumi ga wanda ake tsoron ciwonsa zai ƙaru. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa sababan kawar da cuta gida uku a babin tawakkali na littafinsa Ihya'u Ulumiddin: na yaƙini kamar ruwa ga mai ƙishirwa, na zato kamar ƙaho da shan magani, da na wahami, wato wanda amfaninsa bai wuce tsammani mai rauni ba. A wurinsa barin na farko haramun ne idan ana tsoron halaka, na biyu kuwa yin sa bai saɓa wa tawakkali ba, barinsa ma ba haramun ba ne. Tiyatar dajin baya tana cikin kashi na biyu ga mafi yawan majinyata, kuma aikin lissafin likita shi ne nuna ko ta matsa kusa da na farko ko ta gangara zuwa na uku.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta bi kusan wannan hanya a zamanta na Jidda a 1992, inda ta ce neman magani yakan zama wajibi idan barinsa zai kai ga rasa rai ko gaɓa ko ga naƙasa, yakan kuma zama makaruhi idan ana tsoron illarsa ta fi ta cutar, ta kuma shardanta izinin majinyaci mai cikakken hankali. Wahalar wannan mas'ala ita ce duka fuskokin biyu sukan haɗu a jikin mutum ɗaya, domin barin aikin na iya kashe ƙafafu, yin sa kuma na iya cinye ragowar makonnin a gadon asibiti. Babu makin da zai iya auna wannan a madadin mai ciwon. Wani abin da ya fi so shi ne ya kai kansa makewayi, ya riƙe tsarkinsa, ya tsaya a salla, ko da yake shari'a ta yi sauƙi ga mai yoyon fitsari da mai salla a kwance. Wani kuwa ya fi son ya ƙare kwanakinsa cikin iyalinsa da maganin rage zafi. Hadisin matar nan mai farfaɗiya da ke cikin Buhari da Muslim, wadda aka ba ta zaɓi ta kuma zaɓi haƙuri, yana nuna cewa mai ciwon ne ke da wannan hukunci.

Daga nan ne al'adar ɓoye wa majinyaci gaskiyar ciwonsa, wadda ake gani a gidajen Hausawa kamar yadda ake gani a wasu al'ummu, take zama abin dubawa, ko da tausayi ne ya haife ta. Izinin wanda bai san haɗari ba bai cika izini ba, kuma laka ba ta jiran dangi su gama shawara. Binciken Patchell bai ɗauki wanda ƙafafunsa suka mutu fiye da awa 48 ba, amma cikin waɗanda suka zo ba sa tafiya kafin wannan wa'adi, 10 daga 16 sun sake takawa bayan tiyata, alhali 3 daga 16 ne kawai suka taka a ɓangaren da aka ware wa gashi.