Sito Zai Iya Zama Makaranta?

'Yan'uwa, duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi ya san auduga ce ta gina wannan yanki. Tun zamanin Turawa ake gurzarta a Funtuwa, manoman Karfi da kewaye suna kai tasu kan sikeli. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, sai wasu manyan ɗakunan ajiya suka rasa abin ajiyewa. Yau kuwa garuruwanmu cike suke da yara marasa wurin kwana, da yawansu 'yan bindiga ne suka koro su daga ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. Shin ya dace mu mai da sito makarantarsu?

Masu jin tsoro suna da hujja. Domin buhu aka gina sito: ba taga, kwano yana ƙuna da bazara, wani ma ya sha taki da maganin ƙwari. Birkila zai gyara wannan. Abin da ba zai gyara ba shi ne halin akawun sito, wanda ƙidaya kaɗai ya sani. Muna iya tara yara ɗari ƙarƙashin rufi guda, mu rubuta adadinsu, alhali ajiye su muka yi don kada mu riƙa ganinsu a tasha.

A 1846, a birnin Turin na Italiya, Fada Yohanna Bosko ya kama hayar rumfar wani mutum mai suna Pinardi domin yaran titi. Rufinta ya yi ƙasa har sai da aka haƙe daɓen. Yaran farko da ya ba wurin kwana guduwa suka yi da bargunansa, bai kuwa fasa ba. A 1847 wani maraya ya ƙwanƙwasa ƙofa cikin ruwan sama, mahaifiyar Fada, Margarita, ta busar da tufafinsa, ta yi masa shimfiɗa a madafa. Mu tuna kuma da makarantar almajirai da gwamnati ta buɗe a Gagi, Sakkwato, a 2012: an gina irinta fiye da 150, sababbi fil, amma da yawa sun koma kango don rashin malamai da abinci.

Saboda haka, kafin kwamitin coci ya tambayi kuɗin fasa tagogi, a fara rubuta sunan wanda zai kwana tare da yaran, da wadda za ta dafa musu, da wanda zai bi sawun danginsu, Kirista ne su ko Musulmi.