Fiffiken Aro da Haƙƙin Na Ƙasa

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, ga tambayar da nake so mu tattauna a wannan fitowa. Mutum ne yake da ƙaramin jirgin sama wanda ya saya da kuɗinsa, fukafukansa suka lalace, sai ya samo na wani samfurin jirgi, ya gwada ya ga sun zauna daram. To, don me za a ce sai ya nemi iznin hukuma kafin ya tashi da su?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, kamar ni, zai yi saurin goyon bayan mai jirgi. Tun da aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa a 1975 da tallafin Bankin Duniya, taraktoci da injuna suka yawaita a wajenmu, makanikai da maƙera kuwa suka gwanance da haɗe-haɗe. Za ka ga injin wannan mota a jikin waccan, ko injin ban-ruwa ya koma na casar masara, kuma babu wanda ya je neman takarda. Da wannan dabara ake kai auduga da hatsi kasuwa.

Amma fa akwai bambanci. Akori-kura in ta ƙi, gefen hanya ake gangarawa a kira makaniki, sama kuwa ba ta da gefen hanya. Shi fiffike shi ke ɗauke da nauyin jirgi duka, sau da yawa a cikinsa tankin mai yake, kuma ta cikinsa wayoyin sarrafa jirgi suke bi. In tsawonsa ko nauyinsa ya sauya, to, daidaiton jirgi ya sauya, haka ma mafi ƙarancin gudun da zai iya yi bai rikito ba. Wani fiffiken ma sai an kai wani gudu yake kama karkarwa har ya ɓalle. Shigar ƙusa cikin rami ba ta nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai lissafi da gwaji. Ai ko a tatsuniya, gashin aro ya kai Gizo kan ɓaure a tsakiyar ruwa, amma bai dawo da shi gida ba.

A nan ne nake ganin asalin maganar. Jirgi na mai shi ne, amma haɗarin kowa na da rabo a ciki. Akwai fasinjan da ya ba da amanar ransa, akwai manomin da ke duƙe a gonarsa, akwai mata da yara a cikin gida, babu kuwa wanda aka shawarta a cikinsu. Shari'armu ta hana mutum ya cuci wani ko da ta hanyar dukiyarsa ce. Izni ke nan haƙƙi ne na waɗanda ke ƙasa, hukuma kuwa wakiliyarsu ce kawai, domin su ba su san lissafin fiffike ba.

Sai dai wakilci nauyi ne, kuma hanya biyu ake cin amanarsa. Ta farko ita ce yin shiru. A 2007 jaridun duniya sun ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga ƙafa bakwai daga ƙasa. Kukansa a lokacin shi ne hukumar kula da sufurin jiragen sama ba ta waiwaye shi ba. Hukumar da ba ta zuwa ta duba, ta ce gyara nan ko bar can, tana koya wa masu basira yin abu a ɓoye.

Ta biyu ita ce sa hannu ido rufe. Kamfanin Boeing ya ɗora manyan injuna a kan tsohon samfurin jirginsa 737, hukumar Amurka ta amince, alhali ta bar wa ma'aikatan kamfanin babban kaso na binciken. Jirage biyu suka faɗi, ɗaya a Indunusiya a 2018, ɗaya a Habasha a 2019, mutum 346 suka halaka. Takardar ta cika sharuɗɗan ofis, amma ba ta tsare rai ba.

Hanyar kirki kuwa mun taɓa bin ta. A Kaduna aka ɗauki samfurin ƙaramin jirgin Amurka RV-6A, injiniyoyi suka yi masa sauye-sauye, aka gwada shi, sannan aka harhaɗa guda 60 da sunan Air Beetle don koyar da matuƙan sojan sama. Aro aka yi, amma aro mai lissafi da shaidu.

Saboda haka ra'ayina shi ne, mai jirgi ya kai lissafinsa ya jira, domin an ce rigakafi ya fi magani. Ita kuma hukuma ta duba da gaske, ta amsa da wuri, kada ta nemi na goro. Mu kuma da za mu riƙe biro a ofisoshi gobe, mu tuna akwai rayukan mutane a ƙarƙashin kowane sa hannu. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.