Sannu Ba Ta Hana Zuwa

Daga cikin karin maganganun da magabata suka bar mana, da wuya a sami wanda bakin jama'a ya saba da shi kamar wannan da ke cewa, "Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba," kuma da wuya a sami wanda aka zalunta kamarsa, domin mai himma yakan faɗe shi a tsakiyar aiki don ya ƙarfafa zuciyarsa, rago kuwa yakan faɗe shi yana kishingiɗe a inuwa don ya toshe bakin mai yi masa faɗa. Alhali wanda duk ya yi tadabburin maganar zai tarar an gina ta ne bisa sharaɗi biyu waɗanda ba a furta ba: akwai wurin da aka nufa, kuma ƙafa tana motsi zuwa gare shi.

Babu waɗanda suka yi wa wannan magana sharhi da tafin ƙafarsu kamar mahajjatan ƙasar Hausa na zamanin da jirgin sama bai zo ba. Mutum zai tashi daga Kano ko Katsina ko Damagaram, bayan ya biya bashin da ke kansa, ya nemi gafarar dangi da maƙwabta, ya yi sallama da su irin sallamar da ake yi da wanda ba a tabbatar da sake ganinsa ba, sa'an nan ya fuskanci gabas: ya ratsa Barno, ya ƙetare kogin Shari a garin da yau ake kira Njamena, ya bi ta Abeche a ƙasar Wadai, ya shiga Darfur, ya keta Kurdufan, ya gangara bakin Nilu, har ya isa Sawakin ko Bur Sudan a gaɓar Bahar Maliya, inda zai shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta fiye da mil 2,000, wadda jirgin sama yake cinyewa yau cikin sa'a biyar, su kuwa sukan shekara biyu, ko biyar, ko ma fiye da goma a kanta.

Mafi yawansu talakawa ne, ba su bar gida da abin da zai kai su ko rabin hanya ba, amma ba su fita da ka ba. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu, sun tafi a kan cewa istiɗa'ar da ke wajabta Hajji ba ta tsaya ga mai tarin guzuri da abin hawa kaɗai ba. Wanda yake da lafiyar tafiya a ƙasa, da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, tare da amincin rai da dukiya, shi ma yana cikin masu iko. Saboda haka guzurin mahajjaci na gaskiya shi ne abin da hannunsa ya iya. Ka ga wanzami ya sauka a wani gari da bai san harshen mutanensa ba, ya nemi gindin bishiya a bakin kasuwa, ya shimfiɗa 'yar tabarma, ya buɗe zabira, ya wasa aska a tafin hannu, ya jera ƙahonsa. Da magariba ya ƙirga abin da Allah ya ba shi, ya kasa shi biyu, kashi ɗaya na tuwon dare, ɗayan kuwa ya ƙulle a tsumma ya tura cikin lalita, wannan kuɗin hanya ne, ko yunwa ta ci shi ba ya taɓawa. Manomi kuma idan damina ta riske shi sai ya yada zango, ya roƙi aron gona wurin mai gari, ya shuka gero ko dawa, in kaka ta yi ya sayar, ya ɗaure kayansa ya ƙara gaba. Bayan da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar da ke ƙasar Sudan a 1925, gonakin auduga na Jazira suka buɗe, dubban mutanenmu sun tsinci auduga a can don su tara kuɗin jirgi.

A nan hikimar take, kuma a nan ya kamata mai buri ya tsaya ya dubi kansa. Mahajjacin nan da ya fito daga ƙofar gari, Makka ce a zuciyarsa, amma abin da ke gaban idonsa shi ne zangon da zai kwana a daren nan, da rijiyar da zai cika salkarsa, da kasuwar da zai ci gobe. Ya san sunayen garuruwan da ke tsakaninsa da muradinsa bi da bi, domin ya tambayi waɗanda suka je suka dawo, ya kuma shiga ayari saboda ya san hanyar ba ta mutum ɗaya ba ce. Mu kuwa yau sau da yawa za ka ji saurayi yana cewa so yake ya zama wani abu, ko Allah ya ba shi rufin asiri, in ka tambaye shi wane abu, ta wace hanya, mene ne matakinsa na farko, sai ya yi shiru. Wannan fata ne tsagwaronsa, kuma malamai sun daɗe da rarrabe tsakanin fata da azama. Wanda ya yi azamar sauke Alƙur'ani ya san izu sittin ne, ko wane izu tumuni takwas, ya san abin da zai rubuta a allonsa yau da ranar da zai wanke. Wanda ya yi azamar gina gida ya san kuɗin fili, ya san adashin da zai shiga da abin da zai zuba ko wane mako.

Sai dai akwai wani haɗari a cikin sannu wanda ya fi gajiya da yunwa wuyar ganewa, shi ne daɗin zango. Da yawa daga cikin matafiyan nan sun sauka a Jazira ko a unguwannin Wad Madani da nufin damina ɗaya, sai gona ta karɓe su, aka yi aure, aka haifi 'ya'ya, bana ta zama baɗi, har furfura ta fito, jikoki suka tashi suna jin kakanninsu suna cewa su matafiya ne, suna kan hanya. Ni dai ba na zarginsu, domin wasu talauci ya riƙe su, wasu ciwo, wasu nauyin iyali, kuma Ubangiji yana saka wa bawa gwargwadon niyyarsa. Amma lalle akwai abin lura a cikin al'amarinsu ga wanda Allah ya ba lafiya da sarari, domin yawancin burin da ke mutuwa ba wata musiba ce ke kashe shi ba, ɗan sauƙin da aka samu a tsakiyar hanya ne yake lallashinsa har ya yi barci. Yaron da ya shiga koyon ɗinki da niyyar buɗe shagonsa, in ya fara samun na kashewa a ƙarƙashin maigidansa ya daina ajiye kuɗin keke, to ya yi gida a zango, ko da bakinsa bai daina ambaton shago ba.

Gaggawa ita ma tana da nata matattun, kuma su ne aka fi gani: mai neman kuɗin dare ɗaya, da ɗalibin da ke son takardar shaida ba tare da karatu ba. Tun da can an ce zafin nema ba ya kawo samu.

Wani zai ce, ai komai muƙaddari ne, rabon kwaɗo ba ya hawa sama, me ya kai bawa ga tsara shekarun da bai san zai gani ba? Gaskiya ne ajali da arziki suna hannun Allah, kuma mahajjatan nan sun fi mu sanin haka, tun da sun binne abokan tafiya a dazuzzukan da ba su da suna. Duk da haka ba su ɗauki tawakkali hujjar zama ba. Sun riƙi sababi iyakar ƙarfinsu, suka bar wa Mai Iko abin da ya fi ƙarfinsu, suna cewa in Allah ya yarda alhali kaya yana bisa kansu.

Kai mai karatu, idan akwai wani muradi da ka daɗe kana ambato, ka zauna yau ka kira shi da sunansa, ka nemi wanda ya riga ka kaiwa ka tambaye shi hanya da abin da ta ci masa, ka yanke zangonka na farko da ranar da za ka kai shi. Sa'an nan ka sami amini ɗaya mai gaskiya ka gaya masa, ka kuma ba shi izinin ya tambaye ka inda ka kwana idan watan ya kama.