Ranar mai kaya, idan ta makara

Da zarar an kama wani ɗan wasa da shan ƙwayar ƙara kuzari, sai a ji mutane sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, kowa ya kama gabansa kamar an gama shari'a. Maganar ta zauna daram a kan Blessing Okagbare, 'yar tseren Najeriya da ta cinye mita 100 da mita 200 a Glasgow a 2014. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 ta yi nasara a zagayen farko, washegari aka dakatar da ita saboda an samu sinadarin da aka haramta a jikinta. Hukuncin ya kai shekara 11 ba tsere.

Asiri ya tonu, gaskiya ne. Amma mai kayan fa, me ya dawo hannunta?

A duba Pauline Davis-Thompson ta ƙasar Bahamas. Tun daga Los Angeles a 1984 take zuwa Olamfik. Ta ci azurfa a mita 400 a gasar duniya ta 1995, ta zo ta huɗu a Atlanta a 1996, gurbin da ya fi kowanne ɗaci domin babu ko tagulla. Ta isa Sydney a 2000 tana da shekara 34, a zuwanta na biyar kuma na ƙarshe. A mita 200 ta wuce kowa sai mutum ɗaya, Marion Jones ta Amurka, wadda ta yi daƙiƙa 21.84, ita kuwa 22.27. Jones ta koma gida da zinare uku da tagulla biyu, kamfanoni suna rububinta. Sai a Oktoban 2007 ta amsa a gaban kotu cewa ta yi wa masu bincike ƙarya game da ƙwayoyin da ta sha, aka ɗaure ta wata shida. Kwamitin Olamfik bai ayyana Pauline a matsayin zakara ba sai ƙarshen 2009, zinaren kuma ya shiga hannunta a 2010. A lokacin ta daɗe da rataye takalmin tsere. Taken ƙasarta da ya kamata a buga mata ita kaɗai a wannan dare ya wuce, tallace-tallacen da ke bin sabuwar zakara sun tafi gidan wata. Allah ya sa ta hau mumbarin Sydney da zinaren tseren miƙa sanda tare da 'yan ƙasarta, in ba don haka ba, da takaicin ya fi haka.

Wani zai ce ai ko a makare, haƙƙi ya koma ga mai shi, kuma hakan ba ƙaramin abu ba ne. Yana da gaskiya. Tarihi ya gyaru, jikokin Pauline za su ga sunanta a sama. Ita kanta Okagbare ta taɓa zama mai kaya: tagullar da ta ci a dogon tsalle a Beijing a 2008 ta koma azurfa bayan an sake gwada samfurin Tatyana Lebedeva ta Rasha aka soke sakamakonta.

To amma kayan 'yar tsere ba akuya ba ce da za a kwance daga turken ɓarawo a mayar gida. Ƙuruciya ce, da 'yan shekarun da ƙafa ke amsa kira. Wani lokacin ma babu wanda ake miƙa wa komai: zinaren mita 100 na Sydney da aka ƙwace daga Jones an bar shi ba mai shi, saboda Ekaterini Thanou ta Girka da ta zo ta biyu tana da tata matsalar ta kauce wa gwaji a 2004. Kuma dokar wasannin ta sa wa tuhuma wa'adin shekara goma. Wadda ta haye wa'adin ba a gano ta ba, ta tsira da lambar, ta bayanta kuma za ta tsufa tana zaton gudunta ne ya gaza.